Wace mota ta hannu ce za ta ja remok ɗauke da wata mota?

Tambayar ta fito daga wani matashi mai ƙaramin garaj a nan Tawa. Yana so ya fara aikin ɗauko motocin da suka mutu a hanya, daga Ƙonni, Abalak, Keita, wani lokaci har Yamai. Remok ɗin ɗora mota mai taya huɗu, wato tirelar da ake maƙalawa a bayan mota, ya riga ya shigo hannunsa, saura motar da za ta ja. Kuɗinsa na motar hannu ne, kuma dillali ya nuna masa uku: Highlander mai inji V6, da RAV4, da wata tsohuwar Hilux. Dillalin ya ce masa Highlander ta fi sauran ƙarfi. Shi ne yake tambaya wacce zai ɗauka.

Ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Aiki ne mai rufin asiri, kuma ana bukatarsa ƙwarai, don har yau mafi yawan motocin da suka lalace a hanyoyinmu da igiya ake jan su, direba a ciki yana fama da birkin da ya sandare. Na daɗe a wannan sana'a, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne dillalinka bai yi ƙarya ba, amma amsar wata tambaya ya ba ka. Highlander V6 ta wuce ƙarfin doki 200, injin gazwal na tsohuwar Land Cruiser kuwa, wanda ake kira 1HZ, wajen doki 130 ne kawai. Duk da haka in ka ɗaura musu kaya iri ɗaya ka ce su kai Yamai a watan Afrilu, na san wacce zan shiga. Tayar da kaya kowace mota tana iyawa, ko jaki yana jan tan guda a kan kwalta. Inda ake gane motar ja shi ne wajen tsayar da kayan, da riƙe shi a miƙe lokacin da babbar mota ta gifta ku, da jure zafi awa takwas ba tare da ruwan inji ya tafasa ba.

Don haka kafin ka sake komawa wurin dillali, zauna da biro ka yi lissafi. Remok na ɗaukar mota mai pon biyu (pon shi ne ƙarfen da ke riƙe da tayoyin dama da hagu), irin wanda kamfani ya ƙera a Turai, nauyinsa babu kaya yakan kama daga kilo 500 zuwa 800. Wanda masu waldanmu suka haɗa a gida yakan fi haka nauyi, don sukan zuba ƙarfe da yawa saboda tsoron kada ya karye, sai ka same shi ya kai tan guda ko ya wuce. Kada ka yi kintace, kai shi sikelin manyan motoci a auna maka. Sannan ka ɗora nauyin abin da za ka riƙa ɗauka. Corolla tana wajen kilo 1,200, Camry wajen 1,500, Hilux mai gida biyu ta kusa tan 2, babbar Land Cruiser kuwa wajen tan 2 da rabi. Ke nan Corolla a kan remok mai kilo 700 ta ba ka 1,900, kuma da winci da tayar safaya da igiyoyi ka kai tan 2. Hilux a kan remok ɗin nan ta wuce 2,600. Ka tambayi kanka da gaske, su wa za su riƙa kiranka? A yankinmu ba ƙananan motoci kaɗai ke mutuwa a hanya ba. Wanda zai biya ka kuɗi mai kauri shi ne mai kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, da ta tsaya bayan Abalak, kuma ranar da ya kira ka ba za ka iya cewa a'a ba. Ka sayi motar da za ta iya wannan ranar, ko kuma tun yanzu ka yanke wa kanka cewa irin wannan aikin ba naka ba ne.

Yanzu ta yaya za ka san abin da mota ke iya ja? Ba a bakin dillali ake ji ba, a jikin motar yake rubuce. Duk motar da aka yi don kasuwar Turai tana da wani ɗan faranti ko takarda mai manne, a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji, ɗauke da lambar shasi, a ƙarƙashinta kuma lambobi huɗu na kilo. Na farko shi ne iyakar nauyin motar ita kaɗai da kayanta da mutanenta. Na biyu shi ne iyakar nauyin mota da remok a haɗe. Sauran biyun na pon gaba ne da na baya. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da za ka iya ja da remok mai birki. Misali ka ga 2,850 a sama, 5,350 a ƙasansa, to kilo 2,500 ke gare ka. In motar ta zo da tsohuwar kart griz ta Faransa, wato takardar rajistar mota, waɗannan lambobin suna layin F.2 da F.3. Motocin Amurka nasu salon dabam ne: takardar ƙofa tana ba da nauyin motar kaɗai, abin da take ja yana cikin littafinta, kuma da ma'aunin fam suke rubutawa. Fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Na sha ganin wanda ya karanta 3,500 ya ɗauka kilo ne, alhali bai wuce kilo 1,600 ba.

Wannan lambar 3,500 kuwa ita ce ta Highlander ɗin farko, ta 2001 zuwa 2007, kuma sai in an haɗo ta da kayan ja tun daga kamfani. In babu su, fam 2,000 ne, wajen kilo 900, wato remok ɗinka babu komai a kai ya kusa cinye shi. Ta 2008 zuwa 2013 mai V6 tana kaiwa fam 5,000, kusan kilo 2,270, ita ma da sharaɗin kayan ja, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa mana ba su da su. RAV4 ta Amurka mai silinda huɗu fam 1,500 ce, kilo 680. Ta Turai ta fi haka, amma ko mai gazwal ba ta wuce tan 2. Bayan lamba akwai ƙira. Highlander da RAV4 ba su da shasi dabam, jikinsu shi ne ƙashinsu, kamar ƙaramar mota. A titin Turai mai santsi hakan ba laifi ba ne. A namu, inda remok ke faɗawa rami ya fizgi bayan mota sau ɗari a tafiya ɗaya, wurin da aka ɗaure ƙarfen ja yakan fara tsagewa. Cire waɗannan biyu daga lissafinka. Motoci ne masu kyau na kai iyali, ba don wannan aikin aka yi su ba.

Saura Hilux, kuma ba ka faɗi shekararta ba. In ta kafin 2005 ce, mai inji 3L ko 5L marar turbo, tana da juriya kamar raƙumi, kayan gyaranta har a ƙauye ana samu, amma da yawansu ba su kai tan 2 a abin da aka yarje musu ja ba, kuma ba su da nauyin da za su mallaki remok. In wadda muke ce wa Vigo ce, ta 2005 zuwa 2015, mai kat-kat, to magana ta fara. Abin da take ja yana tsakanin kilo 2,250 zuwa 2,800, gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa ita. Wannan ya ishe ka Corolla da Camry da duk ƙananan motoci. Bai ishe ka ɗauko wata Hilux ƴar uwarta hankali kwance ba, balle Land Cruiser. Injinanta na 2KD da 1KD suna da ƙarfi da tsimin mai, sai dai injektocinsu ba sa yafe gazwal mai datti ko mai ruwa. In ka san a hanya kana sayen mai na jarka, ka sa matatar ruwa ta biyu kafin famfo, ka riƙa sauya filta a kan kari. Kuɗin injekta huɗu zai iya cinye ribar wata uku.

Akwai abu biyu game da Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ya kamata ka sa a rai. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, ga kuma Cibarakatan, waɗannan motocin suka yi daraja, kuma da yawan waɗanda ake sayarwa da ɗan sauƙi sun yi shekaru suna ɗaukar ganga da mutane a hamada. Fenti sabo, shasi a gajiye. Na biyu, su ne motocin da ɓarayin hanya suka fi so. Kai da za ka riƙa tsayawa a daji kana ɗora mota, wannan ma lissafi ne.

In ka tambaye ni abin da ni kaina zan nema da kuɗi kaɗan, zan ce Nissan Patrol mai injin gazwal TD42, ko Y60 ta 1987 zuwa 1997, ko Y61 da ta biyo ta. Silinda shida ne, lita 4.2, babu bel ɗin taimin a cikinsa don da haƙoran ƙarfe yake juyawa, famfonsa na da ne wanda kowane mai gyaran famfo ya sani. Bwat ɗinta, wato akwatin giya, da pon ɗinta manya ne, motar kanta ta wuce tan 2, kuma Y61 mai giyar hannu an yarje mata fiye da tan 3 a yawancin ƙasashe. Dalilin da ya sa nake ambatonta da farko shi ne mutanenmu sun fi son sunan Toyota, sai ya zama kuɗin da zai ba ka Land Cruiser gajiyayya zai iya ba ka Patrol mai sauran lafiya. Aibinta shi ne wani kayan gyaran sai ka aika Yamai ko Kano. Kuma ka kula, ba kowace Patrol ce TD42 ba. Akwai mai lita 3, ZD30, wadda ta farkon shekarun 2000 ta yi ƙaurin suna wajen fasa fistin. Ita ce ta fi yawa cikin waɗanda ke fitowa daga Turai. Buɗe gidan inji ka duba lambar injin: TD42 kake nema.

Land Cruiser 80, ta 1990 zuwa 1997, da 105 da ta gaje ta, masu injin 1HZ, ba su bukatar in yabe su a Tawa. Kowane yaron garaj ya san cikinsu, kayan gyara ko'ina. Ba su da sauri, a hawa sai ka sauko giya ta uku ka yi haƙuri, amma suna isa. Bel ɗin taimin ɗinsu ka sauya shi ranar da ka saya, kada ka yarda da cewar mai ita an sauya. In ka ji ƙungiyoyin agaji ko wani proje a Yamai za su yi gwanjon tsofaffin motocinsu, ka je ka duba. Sun sha tafiya a hanyar burji, amma yawanci an riƙa yi musu juyen mai a kan lokaci kuma akwai littafin gyara, abin da ba za ka samu a wurin dillali ba.

Prado 120 da 4Runner mai V6 ta 2003 zuwa 2009 suna tsakiya: suna da shasi, suna jan kilo 2,270 zuwa 2,800, aikinsu kamar na Vigo. Prado 90 mai injin 1KZ kuwa ka yi hattara, zafi ɗaya ya ishi kan injinta ya tsage, jan kaya kuma zafi ne. Pajero mai lita 3.2 tana ja sosai kuma tana da araha, amma famfon gazwal na ta 2000 zuwa 2006 in ya mutu, kuɗinsa na sa mutum ya jingine mota. Duk motar gazwal ta Turai daga wajen 2010 zuwa sama tana zuwa da matatar hayaƙi a salansa da na'urori masu yawa waɗanda ba su jituwa da manmu da ƙurarmu, ni ba na ba mai ƙaramin jari shawarar su.

Akwai wata hanya da mutane ke raina wa, alhali tana da ma'ana: manyan motocin Amurka masu esans, Sequoia da Tundra na farko masu V8 lita 4.7. Saboda suna shan mai, ba a rububinsu, sai farashinsu ya faɗi. Suna jan wajen tan 3, injin yana da tsawon rai. Kuma ka tuna tun 2022 gazwal ya fi esans tsada a gidajen manmu, ba kamar da ba. A abin da na gani, V8 tana jan kaya takan sha lita 20 ko fiye a kilomita 100, tsohuwar gazwal kuma 16 zuwa 18. Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso wajen kilomita 550 ne, sai ka buga zuwa da dawowa. In sau biyu ko uku za ka fita a wata, rarar da ka samu wajen saye za ta daɗe tana biyan bambancin mai. In kullum kana hanya, gazwal ya fi. Sai dai a nan dole ka shiga ƙarƙashi. A jihohin Amurka masu sanyi da Kanada gishiri ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, yana cin shasi daga ciki. Toyota da kanta ta janye Tundra na 2000 zuwa 2003 a 2009 saboda wannan tsatsa. Navara D40 ta Turai ma an san ta da ruɓewar shasi a bayan gidan direba. Tafi da ƙaramar guduma. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji bif, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. In ka ga an shafe ƙasan mota da baƙin fenti mai kauri sabo fil, tambayi abin da aka rufe.

Giyar hannu ko otomatik? A wurinmu na fi son ta hannu, don abin da ke ci a cikinta ambireyaj ne, wato kuloci, kuma kowa na iya sauya shi. In za ka tayar da kaya mai nauyi a yashi ko a hawa, sa ƙaramar giyar kat-kat ka motsa a hankali maimakon ka ƙona faranti. Otomatik tana ja da laushi, amma zafi ne ajalinta. In ita ka samu, zaro sandar manta ka shinshina: ja mai haske lafiya, baƙi mai warin ƙuna a bar ta. Ka ƙara mata ɗan radiyata na mai a gaba, kuma kada ka ja kaya a giyar ƙarshe. Pathfinder da Frontier na Amurka na 2005 zuwa 2010 suna da wani ciwo sananne, radiyata ta fashe daga ciki ruwa ya gauraya da man bwat. In ka ga man ya koma kamar kunu, an gama.

Bari in dakata a kan zafi, don shi ne ke kashe motocin ja a ƙasar nan. A Afrilu da Mayu ana wuce digiri 43 a inuwa, iskar da ke shiga radiyata ma zafi ce. Motar da ke yawo cikin gari shekara biyar allurarta ba ta motsa ba, ranar farko da ta ja tan 2 a hawan Keita ko Buza sai ta tona asirin kanta. Yawancin motocin hannu radiyatarsu ta toshe rabi da farar ƙasar ruwan rijiya da aka riƙa zuba musu. Fankar da ke da kulli mai mai a tsakiya takan saki, tana juyawa amma ba ta jan iska. Ga kuma al'adar da nake faɗa da ita kullum, ta cire termosta wai don inji ya yi sanyi. A injinan Toyota da yawa termosta ce ke rufe gajeriyar hanyar ruwa idan inji ya ɗau zafi. Ka cire ta, wani kaso na ruwan sai ya riƙa zagayawa cikin inji ba ya bi ta radiyata. Duk motar da ka saya, kafin tafiyar farko: a wanke radiyata ko a sauya, termosta sabuwa, murfi sabo, robobin ruwa, fanka, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Saboda wannan da tayoyi da birki, ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka kada ka kai shi wurin dillali. Wanda ya zuba duka a saye, ya sayi motar da zai ajiye.

Yanzu remok ɗin kansa, don ba ka ce komai a kan birkinsa ba, kuma hakan ya dame ni. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi ita ce remok marar birki kada ya wuce kilo 750 shi da kayansa. Duk lambobin da na lissafa maka a sama na remok mai birki ne. In naka ba shi da shi, ko Land Cruiser sabuwa ka ɗaura masa ba ka tsira ba.

Ina sabon shiga wannan aiki na taɓa ɗauko wata Peugeot 504 daga wajen Ƙonni a kan remok ɗin gida marar birki. Gabanta ne ya bugu, sai muka ja ta da baya muka ɗora, injinta yana can ƙarshen remok. A miƙaƙƙiyar hanya ban ji komai ba. Da muka fara gangarowa kwarin Badagishiri, na duba madubi sai na ga hancin Peugeot ya leƙo ta dama, ya koma, ya leƙo ta hagu, kowane leƙe ya fi na baya faɗi. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar tayoyin gaba ba su taɓa ƙasa. Na taka birki, sai na ji an turo ni daga baya. A gabanmu akwai amalanken jaki, wata mata da yara biyu a kan buhuna. Yaron da ke tare da ni salati kawai yake yi. Allah ya sa hanyar ta miƙe, na ɗage ƙafa, rawar ta lafa da kanta, muka wuce su da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba. Na tsaya a gefe na daɗe ban iya fitowa ba. Har yau ina ganin fuskar matar nan.

Kuskure biyu na yi a ranar. Na farko birki. Na biyu rabon nauyi, kuma kowa ya san shi a amalanke: in aka tara buhuna a baya, sai ka ga sandunan sun ɗaga jaki sama. Haka remok yake yi wa bayan mota. Injin motar da ka ɗora kullum ya kasance a gaba, nauyi ya ɗan rinjaya gaban tayoyin remok, yadda bakinsa zai danna ƙwallon ja, wato ƙwallon ƙarfen bayan mota inda ake maƙala shi. A remok irin na Turai ana son wannan dannawar ta kai kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin duka, wato kilo 100 zuwa 140 a tan 2, muddin ba ta wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen ja ba. Sikelin awon buhu da guntun katako sun isa ka auna sau ɗaya, ka yi alama da fenti inda tayar mota za ta riƙa tsayawa. In gaban mota ya lalace har ba ta hawa ta gaba, a nemi dabara da jak da winci, kada a juya ta. In kuma rawa ta kama ka, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka ƙara wuta, kada ka bi ta da sitiyari. Riƙe shi a miƙe ka ɗage ƙafa. Gudu kuma, nisan tsayawa a 80 ya kusa ninka na 60 sau biyu. A hanyar da raƙumi ko saniya ke fitowa daga bayan geza babu sallama, ni 70 ce iyakata da kaya, kuma ba na tafiyar dare.

Birkin remok iri biyu ne. Na Turai yana aiki da kansa: mota ta rage gudu, remok ya turo, bakinsa ya matse ya ja wayoyin birki. Ba ya bukatar komai daga mota, shi ya fi dacewa da mu. Na Amurka yawanci na lantarki ne, sai an sa wata na'ura a cikin motar ja, in babu ita birkin ado ne. Ƙwallon ja ma ba ɗaya ba ne: na Turai milimita 50, na Amurka inci 2, wato milimita 50.8, akwai kuma babba na inci 2 da 5/16. A ido kamar ɗaya, amma bakin Amurka a kan ƙwallon Turai yana da sako-sako, rami ɗaya na iya fitar da shi. Ƙarfen ja a ɗaure shi a shasi da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a ramukan da kamfani ya tanada, kada mai walda ya liƙa maka shi a bamba. Sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin baki. Tayoyin remok su zama na kaya, masu harafin C, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na lambar DOT da ke gefen taya, da ke nuna mako da shekarar da aka yi su, don tayar da ta tsufa ko da zanenta na nan kwaltar Mayu za ta fasa ta. Motar da ke sama a ɗaure ta ta tayoyi huɗu, bayan kilomita 20 ka tsaya ka ƙara matsewa, ka kuma ɗora hannu a cibiyar kowace taya ka ji ko wata ta fi sauran zafi.

Takardu ba sai na tsawaita ba. Lambar shasi ta dace da kart griz, takardar duwan ta zama ta gaske. Remok da ya wuce kilo 750 yana bukatar permi mai aji E. Ka gaya wa kamfanin asirans cewa ja za ka riƙa yi, a rubuta a takarda. Fitilun remok su yi aiki. Kuma kada ka ɗora motar kowa sai takardunta na hannunka, don a shingen jandarma kai za a tambaya.

Wani abu a gefe: in ka ga aikin ya kankama har kana fita kusan kullum, ka fara tunanin Kanta ko Dyna mai shimfiɗaɗɗen baya da winci. Mota ɗaya ce, taya shida, babu rawa, babu wahalar ja da baya a lungu. Amma tunda remok na hannunka, fara da shi.

Ranar gwaji ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da motar kafin ka iso, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa. Ka ga yadda take tashi da irin hayaƙin da take yi. Buɗe murfin mai inji na aiki, in yana huci kamar tukunya, inji ya gaji. Tun tana sanyi ka buɗe murfin radiyata ka duba ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, alamar kan inji ke nan. Bayan haka ka nemi abin da dillalai ba su so: a ɗaura remok ɗinka da mota a kai, da tsakar rana, ka kunna kilim, ku yi kilomita 30 a hanyar Ƙonni ku dawo, idonka na kan allurar zafi. Ka ce kai za ka zuba mai. Wanda ya san motarsa lafiya take zai yarda.

Ka koma wurin Hilux ɗin nan ka ɗauko mini hoton farantin lambobinta, da lambar injin, da ƙasan shasi wajen sifirin na baya. Ka haɗo da takardar awon remok ɗinka da hoton bakinsa, in ga ko akwai birki. In ka fi so ka biyo da su garaj bayan la'asar mu duba tare.